Wace kalma ce za ta ɗauki tafiyar gwarzon fim?

Ƴan uwa na Damagaram, ga maganar da ta hana mu tashi daga fada daren jiya har shayi na uku ya huce. Muna kallon wani shiri mai dogon zango a tele, sai ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya ce ai wannan labarin "voyage du héros" ne tsantsa. Na ce masa, to ƙane, da Hausa fa? Ya yi shiru.

Ga abin da ake nufi. A 1949 wani Ba'amurke, Joseph Campbell, ya fitar da littafi yana cewa tatsuniyoyin al'ummomi da dama ƙashin bayansu ɗaya ne: mutum yana zaune gida, kira ya zo masa, ya yi ta noƙewa, ya haɗu da mai nuna masa hanya, ya fita, ya sha wuya har ya ga mutuwa ido da ido, sannan ya komo da abin da zai amfani mutanensa. Ya kasa shi mataki 17, cikin manyan kashi uku: fita, wahala, komowa. A 1992 Christopher Vogler ya rage su zuwa 12 don marubutan fim, abin ya bazu har cikin shirye-shiryen tele.

Wanda ya fara magana ya ce "tafiyar jarumi". Ban yarda ba. Yau idan ka ce jarumi, ɗan wasan Kano ne ke faɗo wa mutane a rai, sai a ɗauka wani tauraro ne ya hau mota. Gwarzo ya fi. Ita ma "tafiya" ba ta ce a dawo ba.

Wani dattijo da ke zama da mu ya ce, yara, ku ce "tafiyar Bayajidda" mana. Ya baro Bagadaza, ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Na ce Baba, gaskiya ne, kuma na so wannan ƙwarai, amma Bayajidda a Daura ya zauna, bai koma gida ba. Komowa kuwa ita ce kashi na uku a tsarin nan. In ka cire ta, tukunya ta rasa dutsen murhu ɗaya.

Abin da na kawo shi ne "ci-ranin gwarzo". Mu nan ba sai an yi mana bayanin ci-rani ba. Bayan kaka saurayi ya bar ƙauye, sau da yawa ba da son ransa ba, ya nufi Kano ko Agadas, ya sami uban gida da zai riƙe shi, ya ga abin da bai taɓa gani ba, kafin damina ya dawo da tsaraba, kuma ba shi ne yaron da ya tafi ba. Fita, wahala, komowa, duk suna cikin kalmar.

Ƙanena ya ce ci-rani kowace shekara ake yi, gwarzo kuwa sau ɗaya. A fim guda, haka ne. Amma a tele? Zango ya ƙare gwarzo ya huta, sabon zango ya zo a sake kora shi daji. Wannan ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Baba ya gyaɗa kai, ya ce a rubuta. Daga jiya a fadarmu sunansa ci-ranin gwarzo.