Shawarwarin malamai kan shirin dogon hutu

Malaman da suka tattauna kan shirin sabuwar shekarar karatu sun haɗu a kan abu ɗaya: a fara hutawa tukuna. Wanda ya kama aiki washegarin rufe makaranta, da gajiyar bara zai koma aji.

Sai batun manhaja, inda aka fi daɗewa. Tsofaffin hannu sun hana rubuta darasin shekara gaba ɗaya, domin yara ba sa tafiya yadda takarda ta tsara. Gara a raba manhajar mako-mako, a bar gurbin bita da jarrabawa, sannan a shirya makonni biyun farko tsaf. A kuma buɗe littafin shirin darasin bara, a yi alama duk inda yara suka sha wuya, tun ba a manta dalili ba. A ganina wannan ta fi sauran amfani.

Kan ƙawata aji ra'ayi ya rabu. Wasu sun fi son a bar bango fili don ayyukan yara. Sabon malami kuwa an ce ya nemi wanda ya riƙe ajin bara, ya tambaye shi wane yaro ke buƙatar zama a gaba.