Neman kalma: me za mu kira "playgroup" da Hausa?

Mai fassara, unguwar Runjin Sambo, Sakkwato:
Salamu alaikum. Ana shirya takardar da za a raba wa iyaye kan zaɓen wurin kai yaro ɗan shekara 2 zuwa 3, sai kalmar playgroup ta tsaya mana a wuya. Haka makarantun kuɗi ke rubuta ta a allunansu, iyaye kuma suna cewa filekilas. An kawo "rukunin wasa", amma ta ƙi zama a baki, sai ka ce ƙungiyar 'yan ƙwallo. Malamai, a taimaka.

Malamar ƙananan yara, Mabera:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara raba abubuwan, don a nan ake cakuɗa su. Gidan raino na jarirai ne, ana barin su yini guda, aikin ciyarwa ne da canza famfas da lallashi. Rabin aji kuwa na ɗan shekara 5 ne, shekara ɗaya kafin aji ɗaya na firamare, can ake soma riƙe fensir. Wanda ake tambaya yana tsakani: yaro ya taka, bakinsa ya fara buɗewa, yana zuwa awa 2 zuwa 3 da safe ya koma gida. Abin da yake koya shi ne rabuwa da uwa ba tare da shiɗewa da kuka ba, jiran layi, neman fo kafin ya ɓata wando, da cin abinci da hannunsa. Ni "ajin wasa" nake cewa.

Tsohon malamin Hausa, Kanwuri:
Malama, ina da ja ga "aji". Da uba ya ji aji, ranar Juma'a zai buɗe jaka shina neman aikin gida. Makaranta kuma, don kada a kwashe ɗiya a kai wani wuri, sai ta jera su kan benci suna kwafar A da B. Ɗan shekara biyu yatsunsa ba su ƙosa ba, dunƙule fensir yake da tafin hannu, ƙarshenta ya ƙi jinin takarda. Muna da kalmarmu: yayayye. Mi zai hana a ce "dandalin yayayyu"?

Malamar ƙananan yara:
Allah ya ƙara girma, Baba, gyaran ya shiga. Sai dai dandali, ga mai karatu a yau, ko na 'yan mata da dare ko na sada zumunta a waya. Kuma akwai ɗan wata 20 da ake kawowa bai bar nono ba, uwarsa za ta ce ba da ita ake ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Kowane suna aka tsayar, a sa wa iyaye abin da za su duba, kuma su je ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe 10, lokacin da yara suka fara gajiya. A ƙirga yara, a ƙirga manya. Ga 'yan shekara biyu, ni ba na son mai kula ɗaya ta wuce yara 8, kuma manya biyu a ɗaki ko yaushe, don idan ɗaya ta fita da mai zawo ba a bar saura su kaɗai ba. A durƙusa a kalli ɗakin daga tsayin yaro: soket a buɗe, ƙusa a ƙofa, bokiti ko baho da ruwa a ciki. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya kifa kai. Rijiya ko tanki, a ga murfi mai kwaɗo.

Sai zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato tana wuce digiri 40, ɗakin kwano da babu silin, babu taga biyu masu kallon juna, tanderu ne. A tambaya me ake yi idan an ɗauke wuta. Lilon ƙarfe da ke rana kuma a taɓa shi da hannu. Kowane yaro da kofinsa, kuma a ga sabulu a bakin bayi, ba a cikin kabad ba. Gyaɗa, aya da dabino mai ƙwallo kada a sa su a kwandon ɗan ƙasa da shekara 3, shaƙewa suke yi. Wurin da bai nemi katin rigakafi ba, musamman na ƙyanda da ake yi a wata 9 da wata 15, to na sauran yaran ma bai nema ba.

Tsohon malamin Hausa:
Ɗiyata, wanga bayani ya fi gardamar suna amfani. Amma ku lura, Bahaushe na cewa "abokin wasan ƙasa", shi ne abokin farko. Ainihin abin ke nan: yashi, ludayi, gwangwani, ana ɗiba ana zubarwa. In kun nace ga aji, to "wasa" ta fito fili.

Mai fassara:
Na gwada su a jimla. "Mun sa shi ajin wasa." "Nawa ne kuɗin ajin wasa?" "'Yan ajin wasa sun tashi." Duka sun tafi sumul, "dandalin yayayyu" kuwa sai harshe ya harɗe. To a takardar za mu rubuta gidan raino, ajin wasa, nazare, rabin aji, bi da bi. A ƙarƙashin ajin wasa zan sa layi don Baba: ba a ba da aikin gida, ba a jarrabawa.

Malamar ƙananan yara:
A ƙara da cewa makon farko awa ɗaya ya isa, kuma uwa ta yi wa yaro sallama kafin ta fita, kada ta sulale. Wanda aka sulale wa shi ne gobe yake riƙe hijabi tun daga bakin get.