Wa yake zuba wa kurmi taki?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce mun sare wani yanki na kurmi a gefen gonar mahaifinmu, muka ƙone, muka shuka masara. A daminar farko ta yi kore shar ba tare da ko mudu ɗaya na taki ba, amma bana ganyenta na ƙasa ya yi rawaya tun kafin ta yi goyo. Ta yaya ƙasar da ta ciyar da manyan itatuwa shekaru aru-aru babu mai zuba mata yuriya za ta gaza a shekara huɗu?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rawayar ganyen ƙasa alama ce ta ƙarancin naitirojin, wato sinadarin da yuriya take ba shuka. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sai dai tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun kama masa, irin waɗanda ke cikin ƙullutan saiwar gyaɗa da wake. Amma abin da kurmi yake samu ta wannan hanya a shekara kaɗan ne. Ƙarfinsa yana cikin juya abin da ya riga ya tara. Ganye ya faɗi, gara da tana da funfuna su ruɓar da shi, naitirojin ya fito a matsayin amoniyam, wasu bakteriya su mayar da shi naitiret, saiwoyi kuma su zuƙe kafin ruwa ya tafi da shi. Naitiret ba ya manne wa ƙasa, saboda haka da zarar saiwoyin sun mutu, ruwan sama yana wanke shi. An gwada wannan a dajin Hubbard Brook na Amurka, inda aka sare itatuwan wani kwari a hunturun 1965 zuwa 1966 aka hana komai tsirowa, sai naitiret ɗin da ke rafin wurin ya ninka fiye da sau 40. Ku ma ajiyar kurmin kuka ci, ruwa ya tafi da wani kaso, kuma babu ganyen da ke sake zuba.

Baban Asma'u:
Malam, a gafarce ni, amma ai iyayenmu suna cewa toka taki ce, kuma mun ga amfaninta da idonmu.

Malamin Kimiyya:
Ba su yi kuskure ba, Alhaji. Toka tana riƙe fotash da kalsiyam, tana kuma rage tsamin ƙasa, shi ya sa shekarar farko take yin kyau. Naitirojin ne ba ya zama a cikinta, domin yawancinsa hayaƙi yake bi. Wannan ne ya sa ƙonawa take ba ni takaici, musamman a gonar da ba za a bar ta ta huta ba kamar yadda iyayen namu suke yi.

Hajiya Mai Gandu:
Ɗan Fadama, ka duba ko gawo yana tsirowa a kututturan da kuka bari. Shi yana cikin masu ƙullutu a saiwa, kuma da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana. Ka bar shi, ka daina ƙone karmami, baɗi ka sa wake ko gyaɗa a wurin. Idan za ka sayi yuriya, ka raba zubawar kashi biyu, ka kuma rufe ta da ƙasa.