Wai ta yaya tauraron da ido bai gani sosai zai fi haske a hoton UV?

ɗanRikkos:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin sararin samaniya a taimaka min. Jiya da dare ƙanina da ke jami'a ya nuna min hotuna biyu a wayarsa, ya ce duk na curin taurari ɗaya ne, irin dunƙulallun nan masu kama da ƙwallon fura. Na farko cike yake da taurari ja da ruwan ɗorawa, tsakiyar ma kamar an zubar da gari ba ka iya ware ɗaya. Na biyun kuma duhu-duhu, sai ɗigo-ɗigo shuɗaye nan da can, wai da hasken altarabayolet, wato UV, wanda ido ba ya gani, aka ɗauka, kuma wai waɗannan ɗigon a hoton farko da kyar ake ganinsu. Na ce ya min bayani sai ya hau kame-kame. To ni dai abin bai shige ni ba, abu in ya dusashe ai ya dusashe ko? Sannan zan iya ganin irin curin nan daga nan Jos da abin hangen nesa na hannu?

MalaminFiziks_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ka taɓa tsayawa wajen maƙeri? Ƙarfe in ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, in aka ƙara zuga ya koma ruwan ɗorawa, can ya yi fari tas. To haka tauraro yake, launinsa zafinsa yake gaya maka. Ranarmu samanta wajen digiri 5,500 ne, shi ya sa haskenta ya fi ƙarfi a inda idonmu ke gani. Tauraron da ya kai digiri 20,000 ko 30,000 kuwa yawancin haskensa ya tsallake shuɗi da shunayya ya shiga UV, mu ɗan ragowa kawai muke samu.

Yanzu dawo kan curin. Waɗannan tsofaffi ne na gaske, shekarunsu wajen biliyan 12, kuma waɗanda suka cika wurin da haske su ne jajayen ƙatti, taurarin da suka tsufa suka kumbura, manya ne sosai amma samansu bai fi digiri dubu huɗu da wani abu ba. Kamar kana kan hanyar Bauchi da dare tirela ta dallo maka fitila, ai ba za ka ga mai tafiya a gefe da tocilan waya ba. A UV jajayen nan kusan ba sa ba da komai, kamar an kashe fitilar tirelar ne, sai ƙananan masu zafi su fito. Cikinsu akwai farin wada, wato gawar tauraro irin rana bayan makamashinsa ya ƙare, girmansa kamar duniyarmu ne kawai, ita rana kuwa faɗinta ya ninka na duniya sau 109, ka ga dole ya dusashe a ido ko da zafinsa ya ninka nata sau da yawa. Akwai kuma waɗanda ke ƙona iskar hiliyom a cikinsu amma sun zubar da yawancin rigarsu ta waje, su ma zafi ne da su sosai.

mai_walda_Dilimi:
Malam wallahi yau na gane abin da ke cin idon yaran shagona. Wutar walda ai ita ma UV take fitarwa, yaro ya ƙi sa gilashi da rana lafiya lau, cikin dare ya tashi yana kuka kamar an zuba masa yashi a ido. Ashe taurari ma walda suke yi a can sama 😂 amma to me ya sa nasu bai ƙona mu?

MalaminFiziks_Bukuru:
Nisa ne oga, sannan ga ozon, wata iska da ke can sama. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye duk UV ɗin da tsawon zangonsa ya gaza nanomita 300 (ma'aunin zangon haske kenan) ko kusa da haka, rahama ce gare mu amma ciwon kai ce ga masu bincike, ko kan dutsen Shere ka kafa na'ura ba abin da za ka samu. Dole sai an fita sama. Shi ya sa hotunan nan daga na'urorin hangen nesa da ke sararin samaniya suke zuwa, kamar Hubble, wanda aka harba a 1990, ko GALEX na Amurka da ya yi aiki daga 2003 zuwa 2013, ko AstroSat da Indiya ta harba a 2015.

'yarLamingo:
Malam ka yi bayani mai kyau amma bari in ɗan sa baki kada ɗanRikkos ya tafi da fahimtar cewa UV na nuna duk wani tauraro mai rauni. A'a. Masu rauni iri biyu ne, akwai ƙanana masu zafi akwai ƙanana masu sanyi, jajayen wadanni, kuma su ne ma suka fi yawa a curin nesa ba kusa ba, su a UV ɓacewa suke yi gaba ɗaya, sai dai a neme su da infirared, hasken da ya wuce ja, irin wanda na'urar hangen nesa ta James Webb ke gani. Ƙurar da ke tsakanin taurari ma ta fi cin UV fiye da jan haske, kamar dai hazon hunturu, so curin da ke bayan ƙura wahala yake ba su.

Ni abin da ya fi burge ni a harkar su ne shuɗɗan 'yan baya, waɗanda Allan Sandage ya gano a curin M3 a 1953. Tauraro mai nauyi da shuɗi ba ya daɗewa, da wuri yake cinye makamashinsa, to a gari na tsofaffi zalla me saurayi yake yi? Ashe ba samari ba ne, rini suka yi. Ko dai tauraro ya zuƙe iskar abokin zamansa da suke kewaya juna har ya ƙara nauyi, ko kuma biyu su yi karo su haɗe saboda cunkoson tsakiyar curin ya fi na kasuwar Taminus ana gobe sallah. Wanda aka zuƙe ɗin yakan ƙare a farin wada mai zafi a gefe, ido ba zai raba su ba, amma in aka auna da UV aka ga hasken ya fi abin da ya kamata tauraro ɗaya ya bayar sai a san akwai wani a maƙale.

ɗanRikkos:
Kai madalla, Malam da Anti na gode, Allah ya ƙara basira. Wato kenan Kaza da 'ya'yanta ma irin curin nan ce? Kuma ba a amsa min maganar gani daga gida ba fa.

'yarLamingo:
A'a Kaza daban take, buɗaɗɗen taro ne na yaran taurari, shekara wajen miliyan 100, kuma kusa take, kamar tafiyar haske ta shekara 440. Wanda za ka nema shi ne Omega Centauri, mafi girma a cikin curi sama da 150 da aka sani a gungun taurarinmu na Milky Way, yana da taurari wajen miliyan 10, nisansa kuma kusan tafiyar haske ta shekara 17,000. Mu nan mun yi sa'a, 'yan arewacin Turai ba sa ganinsa sam, a Jos kuwa yana hawa sama da digiri 30 daga doron ƙasa ta kudu. Ka fita bayan gari inda ba fitilu, daren da ba wata, wajen Maris ko Afrilu tsakar dare kafin damina ta kankama. Da ido kamar tauraro mai hazo-hazo za ka gan shi, da abin hangenka kuma kamar ɗan dunƙulen auduga. Farin wada dai kada ma ka sa rai. Kuma ka ɗauki rigar sanyi, ni ranar da muka fita ta wajen Lamingo sai da haƙorana suka riƙa haɗuwa.

mai_walda_Dilimi:
In za ku je ku kira ni, ina da mota amma mai naku ne.