Yaya jirgin kaya ya koma jirgin yaƙi, kuma aljihun wa ya biya?

Maiwalda na Panteka:

Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata walda, shekarata 19 a Panteka, bodin tirela da tankar ruwa muka fi yi. Babban ɗana yana karatun tarihi a jami'a. Da ya zo hutu ya ba ni labarin yadda mutanen Amurka suka yi wa Ingila bore a 1775 alhali ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya, sai suka sayi jiragen 'yan kasuwa suka ɗora musu igwa. Tun ranar abin bai bar raina ba. Na san abin da ke samun mota in an labta mata nauyin da ba don shi aka ƙera ta ba: shasi ya tsage, sifirin ya karye. To jirgin katako fa, da aka yi shi don buhunan gari, yaya zai jure igwa tana tashi a bisansa? Na biyu, kuɗin wa aka kashe? Mu a nan ko ƙarfe ɗaya ba ma yankawa sai an ajiye kafin alƙalami. Mai sani ya taimaka mini.

Tsohon Malami, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam Maiwalda, tambayar mai sana'a ka yi, kuma daidai inda gizo ke saƙa ka taɓa.

Ranar 13 ga Oktoba 1775 majalisarsu da ke zama a Filadelfiya ta amince a shirya jirage biyu masu makami, kafin wata ya ƙare aka mai da su huɗu. Babba a cikinsu jirgin fatauci ne mai suna Black Prince, aka sake masa suna Alfred. Aikin kuwa raba shi aka yi kamar yadda kuke rabawa a gareji. Joshua Humphreys, maƙerin jirage, shi ya riƙe gangar jirgin: aka ƙara katakai masu kauri ƙarƙashin daɓen da igwa za ta zauna, aka ƙarfafa haƙarƙarin jirgin, aka huda tagogi a gefe inda bakin igwa zai leƙo. John Barry, wanda dā shi ne ke tuƙa jirgin, ya kula da igiyoyi da manyan ƙyallayen da iska ke turawa.

Nauyi ba shi kaɗai ne matsalar ba. Duk lokacin da igwa ta tashi sai ta yi tsalle da baya, don haka ake ɗaure ta da igiya mai kauri a jikin zobban ƙarfe da aka kafa a bangon jirgi. In katakon wurin ba shi da ƙwari, zoben zai fizge, igwar ta bi ta kan mutanenta. Sannan ga mutane: jirgin da 'yan kaɗan ke tuƙawa lokacin fatauci, yanzu sai ya ɗebi fiye da 200, kowa da cikinsa da ruwan shansa. Duk da gyaran, Alfred bai taɓa zama jirgi mai sauri ba.

Maiwalda na Panteka:

Allah Ya saka da alheri, Baba Malam. Maganar zoben nan ta shige ni. Haka ƙugiyar tirela take, ba ita ke fara karyewa ba, wurin da aka kafa ta ne ke yagewa. Saura batun kuɗin.

Hajiya Mai Lissafi, Barnawa:

Bari in ɗauki wannan, tunda aikina ke nan shekara da shekaru. Majalisar ba ta da ikon karɓar haraji daga kowa, sai dai ta roƙi yankuna 13 na Amurka da suka yi boren su kawo nasu kason, su kuma su yi ta jan ƙafa. Abin da ya rage mata shi ne buga kuɗin takarda. Da shi ta ware dala 100,000 don jiragen farko, sannan a Disamba 1775 ta ba da umarnin ƙera sababbin jiragen yaƙi 13. Da farko kafintoci sun karɓi takardar. Amma ana ta bugawa babu zinariya ko azurfa a bayanta, har a 1780 majalisar da kanta ta yarda cewa dala 40 ta takarda ita ce dala 1 ta azurfa. Ka duba halin mai sayar da katako da ya ba da kaya bashi, ya zo karɓar kuɗinsa bayan shekara biyu. Ni su nake tausayawa in na karanta tarihin nan, don ba a cika ambatonsu ba. In ba don taimako da rancen Faransa ba, da abin ya tsaya cak.

Sababbin jiragen ma sun sha jira. Raleigh an saka shi a ruwa a Mayu 1776, ya fi shekara yana zaune babu isassun igwogi. Biyu kuma da aka ƙera a kogin Hudson, masu su ne suka cinna musu wuta a 1777 don kada Ingila ta kama su, ba su taɓa shiga teku ba.

Tsohon Malami, Tudun Wada:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai in ƙara abu ɗaya da ya fi ci mini rai. Akwai wata hanyar da ba ta cin kuɗin gwamnati: attajiri ya shirya jirginsa da kuɗinsa, ko 'yan kasuwa su haɗa hannun jari, majalisa ta ba su lasisin kama jiragen fataucin Ingila. Abin da suka kamo kotu ta tabbatar, a yi gwanjonsa, masu jirgi da ma'aikata su raba duka. Shi kuwa sojan jirgin gwamnati albashinsa dala 8 a wata, kuma a farkon yaƙin kashi ɗaya cikin uku na ganimar jirgin kaya ne kawai ake raba musu. Mutum mai iyali ina zai nufa? Sai ga jirgin gwamnati an kashe masa dukiya, yana ɗaure a tasha babu matuƙa. Dole a ƙarshen 1776 aka ɗaga kason ya koma rabi.

Albarushi ma haka. A Maris 1776 Esek Hopkins, kwamandan jiragen gwamnati, ya kai su har Nasau a tsibiran Bahamas musamman don nemansa. Igwogi sun samu da yawa, amma gwamnan wurin ya riga ya kwashe mafi yawan albarushin cikin dare ya tura shi wani wuri.

Maiwalda na Panteka:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da Hajiya. Na karanta wa yaran shagona da muka tashi cin abinci, har ƙaramin cikinsu ya zana yadda yake ganin zoben zai zauna a jikin katako. Baba Malam, tagogin nan da aka huda a gefe, da me ake rufe su in teku ta yi haushi? Don ni a sanina duk inda ka huda jiki ka rage masa ƙarfi, kuma nan ruwa zai fara nema.