Neman shawara: wane irin kicin ɗin wasa na katako ya dace da 'yar shekara uku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku game da kicin ɗin wasa na katako da nake so in samar wa 'yata, wadda za ta cika shekara uku bayan Babbar Sallah. Tun da ta fara tafiya ba ta da aiki sai bin ƙafata zuwa madafi, kuma a makon jiya na tarar da ita ta zuba wake a murfin tukunya tana juyawa da cokalin shayi, wai miya take yi wa babanta. Na ga irin na kamfanin IKEA mai suna Duktig a gidan ƙanwar maigidana da ke Jidda, ya ba ni sha'awa ƙwarai, amma kuɗin dakonsa zuwa Kano ya sa na ja da baya. A shagunan kayan yara kuma akwai waɗanda ake cewa na katako ne, sai dai idan na ɗaga su ina jin ba su da nauyin kirki. Shin in sayi na shago ne, ko in ba kafinta ya haɗa mini? Ku sani cewa tana da ƙane ɗan wata goma da yake rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai ya kai shi baki.

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kafin ki biya kuɗi ki juya kicin ɗin ki duba bayansa da gefen da ba a shafa wa fenti ba. Idan kin ga kamar garin katako ne aka matse, to MDF ne, kuma babban abokin gabarsa shi ne ruwa. Ni na sayi irinsa a wani shago ina murna da kyawunsa, ban yi tunanin cewa yaro ba ya girki ba tare da ruwa ba ko da an hana shi. Cikin wata huɗu gefen wurin wanke-wanken ya kumbura kamar burodin da ya jiƙe, fentin ya fara ɓarewa, ƙofar ta zame domin sukurorin sun rasa abin kamawa. Daga ƙarshe bayan gida aka jingine shi, gara ta ƙarasa sauran.

Wani kafinta:
Hajiya, aikin nan ba shi da wuya ga duk wanda ya iya haɗa durowa, amma sai kin faɗa masa abin da kike so dalla-dalla, in ba haka ba ƙaramin kabad zai yi miki kawai. Ki nemi a yi jikin da filawud mai kauri, ƙafafun kuma da busasshen katako irin malaina ko madaci. Na ce busasshe ne domin katakon da bai gama bushewa ba yana tsagewa ko ya lanƙwashe da zarar hunturu ya shigo, don haka idan za a saya a 'Yan Katako ta Na'ibawa a je da wanda ya san itace. Tsayin teburin girkin ya tsaya daidai ƙugun yarinyar, wanda ga 'yar shekara uku yakan kama kusan santimita 50, amma ki auna ta da kanki ya fi. A yi amfani da sukurori da gam maimakon ƙusa, a goge kowace kusurwa har ta yi santsi, a kuma bar 'yar tazara a gefen ƙofa yadda ba za ta datse yatsa ba. Abin da na fi jaddadawa shi ne a ɗaure shi da bango ta baya, domin ɗan wata goman nan zai kama shi ya miƙe tsaye, kuma kicin mai tsayi marar faɗin gindi yana iya rufto masa.

Ma'aikaciyar jinya:
Maman yara, ni ƙanen ne ya fi tsaya mini a rai. Yawancin irin waɗannan kayan wasa an rubuta a kwalinsu cewa na masu shekara uku zuwa sama ne, kuma dalilin shi ne ƙananan abubuwan da ke biyo su. Ma'aunin da ake gwada kayan wasa da shi a Amurka da Turai wani ɗan bututu ne mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa mai iya shaƙe ƙaramin yaro. A gida ki yi amfani da kwalin tsakiyar takardar banɗaki, wanda ya ɗan fi shi faɗi, abin da ya wuce ta ciki ki ɗauke shi. Maɓallan murhu su kasance a kafe yadda ba za su fita ba. Ki guji mai ƙananan maganaɗisu da mai batir ɗin nan mai kama da kwabo, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale yana iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i biyu.

Sai maganar fenti. Wasu fentunan mai, musamman ja da rawaya masu ƙyalli, sukan ƙunshi dalma, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito, bai kamata mu yi wasa da ita ba. Idan kafinta zai yi, ki sayi fenti mai ruwa da hannunki, ki bar kicin ɗin ya sha iska har warin ya fita gaba ɗaya. Idan na shago ne, ki nemi alamar CE da lambar EN 71 a kwalin, waɗanda ke nuna an bi ƙa'idojin Turai na kare lafiyar yara a kayan wasa, tare da sanin cewa ana buga su a kan jabu ma.

Wata kaka:
'Yata, mu da gwangwanin madara da duwatsu uku muka yi tuwon ƙasa, kuma ba mu rasa iya girki ba, amma ba zan hana ki ba tunda Allah ya hore. Roƙona ɗaya ne, kada ki cika mata kicin ɗin da abincin roba na Turawa wanda ba ta taɓa ganin an dafa a gidanku ba. Ki samo mata ƙaramar muciya da maburgi da ludayin duma da faifai, da 'yar tukunyar silba wadda ba ta da kaifi a baki. Abin da take gani a hannunki shi take son riƙewa. Waken nan kuma ki raba ta da shi, na sha ganin an ciro shi daga hancin yaro.

Mazauniyar Jidda:
Anti, ina da Duktig ɗin da kike magana, faɗinsa santimita 72 ne, tsayinsa 109, kuma ana iya ƙara tsawon ƙafafunsa yayin da yaro ke girma. Wannan dabarar ce kaɗai zan ce ki nuna wa kafintanki ya kwaikwaya. Wutar murhunsa mai batir ta burge yarana na 'yan kwanaki ne kawai, daga baya ko kunna ta ba sa yi, amma kwanon wanke-wanken da ake cirewa a zubar da ruwa kullum yana aiki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yanke shawarar ba kafinta, za a huda teburin a zaunar da ƙaramin kwanon silba, murhun kuma a zana shi da fenti mai ruwa. Saura matsala ɗaya, Malam kafinta: gidan haya muke, kuma mai gidan ba ya yarda a huda masa bango.

Wani kafinta:
To Hajiya, sai a fasa yin kantar sama, a bar shi gajere, a faɗaɗa gindinsa, a kuma sa katako mai nauyi a ƙasansa. Ranar da za ki karɓa, ki buɗe ƙofar ki danna ta ƙasa da hannunki. Idan ƙafafun baya suka ɗaga, ki bar masa shi ya gyara.