'Yan matanmu na zarewa kafin NECO, ina bakin zaren?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen birnin Kano. A SS1 benci ba ya isar su, wasu a ƙasa suke zama. Amma da an zo SS3 aka fara ɗaukar hoto da ɗangwalen yatsa na rajista, sai ki ga aji ya yi fili. Wadda ta fi kowa iya lissafi a ajina an kawo kuɗin aurenta tun muna zango na biyu, yanzu littafinta na gwaje-gwaje yana cikin durowata. Makarantar maza da ke kusa da mu ba ta zubewa haka. Abin da ya ɗaure min kai, alƙaluman WAEC na 2023 da 2024 sun nuna a cikin masu zana jarrabawar mata sun ɗan fi maza yawa a faɗin Najeriya. To mu me ya same mu?

Baban Yara: Wa alaikumus salam, Malama. Ki sa kuɗi a lissafi. A Kano sai yaro ya ci jarrabawar share fage ta SS2 gwamnati ke biya masa NECO. In ya faɗi, nauyin ya dawo kan uba. Mai 'ya'ya biyu a aji ɗaya, in kuɗin mutum ɗaya ke hannunsa, namijin zai biya wa, ya ce ita ai gidan wani za ta. Ban ce daidai ba ne, amma haka ake yi a unguwarmu.

Malam daga Ƙauye: Mu ma a ɓangaren maza ba lafiya lau ba. NECO a Yuni da Yuli take faɗowa, tsakiyar damina. Yaro ya yi rajista, ranar takarda yana gona, ko ya tafi ci-rani tun rani bai dawo ba. Bambancin dai, shi zai iya sakewa baɗi.

Maman Biyu: Malama, don Allah ki nemi ɗalibar nan. Ni ma a SS2 aka yi min aure. Da goyo a bayana na zana NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi wajen Nuwamba da Disamba. Na samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, yanzu ina kwalejin ilimi. Ba wanda ya gaya min akwai wannan hanyar sai wata maƙwabciyarmu. Ki je gidansu kafin a sa rana, ki zauna da mahaifiyarta, a roƙi dangin mijin su bari ta gama.

Malamar Kimiyya: Na gode, Maman Biyu. Ranar Asabar zan je in sha Allahu, da shugabar makarantarmu. Ko kin san lokacin da ake buɗe rajistar ta bana?